Ranar da Ɗan Balarabe Ya Kore Ni Daga Gaban Surukina

Ko da za a buɗe kaina a ciro ƙwaƙwalwar, a dirje ta da soso da sabulu, a shanya ta a ranar Jidda ta tsakar bazara, akwai yini ɗaya da ba zai goge ba. Shi ne yinin da wani ɗan Balarabe, yaron da ni da bakina na koya masa cewa “sannu”, ya dube ni a tsakiyar asibiti, a gaban uban matata, ya nuna min hanya da yatsa. Kuma wallahi na bi hanyar. Ni da ko 'yan sanda sai sun yi da gaske suke matsar da ni daga inda na tsaya.

Bari in faro muku daga tushe, kada ku ce yaron ba shi da tarbiyya.

Ni haifaffen Jidda ne. Kakana ya taho aikin Hajji a ƙasa, da ya gama sai ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma, to har yau hutun muke yi. Sana'ata tuƙi, ina yi wa kafilina, wato Balaraben da takardun zamana ke hannunsa, jigilar kaya daga sito zuwa shagunan Sharafiyya. Amma wannan ta neman abinci ce kawai, sana'ata ta gaskiya surutu. Larabci a bakina kamar ruwan famfo. Hausata kuwa ta fi ta tsarana 'yan Jidda, waɗanda in ka yi musu Hausa su gane sarai amma su mayar maka da Larabci. Ni kakata ce ta raine ni, ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta yarda Larabci yaren hira ba ne, ta ce na salla ne.

To akwai wata 'yar unguwarmu a Madain Fahd, tamu ce, Bahaushiya, Allah ya ba ta kai. Ta yi karatun likita, ta tafi Amurka ta ƙaro, ta dawo tana koyarwa a wata kwalejin likitoci. Duktura muke ce mata, har uwar da ta haife ta. Ita ta ba mu labarin cewa a garin da ta yi karatu, marasa lafiya da yawa ba sa jin Turanci, sai Sifaniyanci. Mace za ta zo asibiti da ɗanta saurayi ya yi mata tafinta, likita ya yi tambaya a kan abin da ya shafi mata, uwar ta dubi ɗanta ta haɗiye maganar. A rubuta mata maganin ciwon kai, ta koma gida da ciwonta cif. Da abin ya ishe su sai suka fara koya wa ɗaliban likita Sifaniyanci, ba na karanta jarida ba, na bakin gadon asibiti: ina ke ciwo, tun yaushe, kwanta in duba. Duktura ta ce da ta dawo ta ga alhazanmu da 'yan umara a layin asibiti suna nuna ciki da yatsa kamar kurame, sai ta ce ashe mu ma muna da namu Sifaniyawan.

Sai ta buɗe ajin Hausa ga duk ɗalibin da ke so. Amma ta ce littafi ba ya nishi, ana bukatar mutum mai rai da zai kwanta ya yi ciwon ƙarya, ɗalibai su yi ta tambayarsa da Hausa har su gano cutar. Ta sa cigiya a unguwa ko akwai wanda ya iya ƙarya ido a bushe. An ce ko shawara ba a tsaya yi ba. Har limamin masallacinmu gidana ya nuna.

Jama'a, na yi ciwo a ajin nan. Babu cutar da ke cikin littafinsu da ban yi ba, har da waɗanda likitoci ba su gano ba tukuna. Na yi ciwon zuciya, na yi farfaɗiya, na yi tsakuwar ƙoda ina birgima har na faɗo daga gado na fasa musu kwandon shara. Ranar da matar da za ta yi mai ciki ba ta zo ba, na cusa filo a riga na yi naƙuda, na kuma haifi filon nan lafiya lau. Duktura takan dafe kai ta ce, “Ya shaikh, zazzaɓi mai sauƙi na ce ka yi, me ya kawo kalmar shahada?” In ce, “Duktura, ba a raina zazzaɓi, ya kashe waɗanda suka fi ni ƙiba.”

A cikin ɗaliban akwai wani dogo, ɗan masu hali daga Abhur, wanda turarensa ke riga shi shiga aji. Dogo nake ce masa. Harshen yaron nan da Hausa kamar an sa wa raƙumi takalmi mai tsini. In ya ce “ina kwana” sai ka ji tausayin kwanan. Na mai da shi abin wasana. Na ce masa a Hausa haramun ne likita ya taɓa mara lafiya sai ya gaishe shi, ya tambayi gajiyarsa, ya tambayi gidansa, ya tambayi awakinsa. Sauran suna ƙyalƙyala dariya, shi kuwa bawan Allah yana maimaitawa ƙasa-ƙasa yana haddacewa. Abu ɗaya zan yaba masa: duk wulaƙancin da na yi masa, bai taɓa fushi ba, bai kuma taɓa fashin aji ba.

Aka gama ajin, kowa ya kama gabansa, na koma kan kwalayena. Aka kwashe watanni har na manta da su.

Yanzu ga surukina. Matata 'yar Zariya ce, kuma 'yar fari a gidansu, wadda ubanta ko sunanta ba ya faɗa. Baban nata tsohon ma'aikacin reluwe ne, dogon dattijo mai farin gemu, irin mutanen nan da in sun yi gyaran murya kaji ke daina tono. Tun da aka ɗaura aurenmu ganina da shi bai taka kara ya karya ba, kuma duk a durƙushe na gan shi, don haka ƙafafunsa na fi sani da fuskarsa. Sai ga shi Allah ya kira shi umara. Ya gama ibadarsa a Makka, aka ce zai sauka gidanmu ya yi 'yan kwanaki ya ga jikokinsa kafin ya wuce Madina.

Na ce to, yau Zariya za ta san ta yi suruki. Na roƙi kafilina hutu, na ce masa kakata ce ta rasu. Allah ya jiƙan baiwar Allah, ta sha rasuwa saboda hutuna. Gidanmu na haya ne a bene, ɗaki biyu da falo. Muka gyara wa Baba ɗakinmu, matata ta koma na yara, ni kuma na shimfiɗa darduma a falo daidai ƙofarsa na tare a nan kamar maigadin banki. Da ya motsa labule na zabura na durƙusa.

“Baba, me za a kawo?”

Sai ya tsaya jim, ya dubi gefe, ya ce, “A'a, ba komai, Malam. Allah ya yi albarka.” Ya koma ciki.

Ni kuma in ce a raina ƙishirwa ce, kunya ta hana shi faɗa. In bi shi da shayi mai na'ana'a. In bi shi da laban, wato kindirmonsu na nan, mai sanyi, da ruwan zamzam, da lemon kwali. Shi kuwa abin da suruki ya kawo ba a mayar da shi, sai ya shanye ya sa albarka. Masallaci ma tare muke zuwa, ina biye da shi taku da taku, in zai yi alwala ina tsaye a kansa da tawul a kafaɗa. Matata ta ja ni gefe ta ce, “Abban yara, ka ɗan fita mana ka sha iska, ka tsare Baba kamar wanda ya ci bashin gwamnati.” Na ce, “Ke me kika sani a kan darajar suruki? Je ki ɗora wani shayin.”

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Na sayo ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, da zafinsu, Baba ko kallonsu bai yi ba. Na leƙa ɗakin na same shi tsaye ya dafa bango, ga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na busa sanyi amma gumi na ɗiga ta gemunsa. Ya zauna, ya miƙe, ya taka nan ya taka can, ya sake zama a kan cinya ɗaya. Na ce, “Baba, lafiya kuwa?” Ya ce, “Da sauƙi.” Mutumin da fuskarsa ta yi toka-toka kamar an tono shi. Matata tana bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi, ita ma ba ta iya matsawa ta tambaye shi. Ta dube ni kawai ta ce, “Ɗauko makulli.”

Ku da kuka san titunan Jidda da rana kun san ba tuƙi ake yi ba, kokawa ake yi. Duk tudun rage gudu da na hau sai in ji Baba ya ja iska ta haƙora ya ce, “La haula.” Ban taɓa sanin tudun nan suna da yawa haka ba, kamar ranar aka shuka su saboda ni. In na yi gudu ya yi nishi, in na rage gudu ya yi nishi. Na yi ta danna hon ina zagin mutane da Larabci don kada ya gane, ina juyowa ina ce masa da Hausa, “Saura kaɗan, Baba.”

Muka isa ɗawari, wato sashen gaggawa, wurin a cike kamar kasuwar jajiberin salla. Da ƙyar da siɗin goshi aka samo mana gado a bayan wani labule. Can sai ga likita ɗan Masar, idanunsa jawur saboda aiki, waya maƙale a kunne. Ya ce, “Yalla, me ke damunsa?”

Na gyara tsayuwa. Ai nan fagena ne. Na ce, “Baba, likita na tambayar abin da ke damunka.”

Baba ya dubi bango ya ce, “Ka ce masa ciki ne ke ɗan murɗawa.”

Ni kuwa na ga wannan magana ta yi ƙanƙanta a ce saboda ita aka taso da dattijo tun daga Madain Fahd. Sai na yi mata ado. Na gaya wa likita jiya mandi ya ci, shekaranjiya kabsa, duk shinkafa da nama, cikinsa na tuwon masara ne bai saba da kitsen ragon Larabawa ba. Na kawo masa tarihin reluwe. Har maganin da ya kamata ya rubuta sai da na ba shi shawara.

Likita ya katse ni ya ce, “Tambaye shi fitsari fa? Bayan gida fa? Yaushe rabonsa?”

Ni da na haifi filo a gaban ɗalibai ban ji kunyar komai ba. Amma ku gaya min tsakaninku da Allah, ta ina mutum zai dubi uban matarsa ya furta kalmar nan? Na yi tari. Na sosa ƙeya. Na ce, “Baba, wai yana cewa... ta ɓangaren... sauran al'amura dai, duk lafiya ko?”

Ya ce, “Lafiya lau, alhamdu lillahi.”

Na juya na ce wa likita, “Ya ce kullu tamam, komai lafiya.”

Likita ya kai hannu zai ɗaga masa riga ya taɓa cikin. Baba ya damƙe rigar nan da hannu biyu ya ce, “A'a, a bari.” Kafin likita ya buɗe baki aka ƙwala masa kira, an shigo da waɗanda suka yi haɗarin mota. Ya ce wa nas ta yi masa allurar rage zafi, mu jira shi yana zuwa. Ya ɓace.

Jiran nan shi ne abin da har yau ban manta ba. Allura ba ta yi komai ba. Aka kira azahar, Baba bai iya ko zama ya yi ta ba. Carbinsa ya suɓuce ya faɗi ƙasa, na ɗauka na miƙa masa, hannunsa sanyi ƙalau kuma jiƙe. In fita in tare nas, ta ce min daƙiƙa ɗaya. In tare wata, ita ma daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙar asibiti kuwa ta fi shekarar wani garin tsawo. Waya na ta ruri a aljihuna, matata ce, in ɗauka in ce da sauƙi, ni ma na koyi ƙaryar gidansu. In dawo bayan labule, in kasa tsayawa, in sake fita. Na zaga wurin nan har mai gadi ya fara yi min kallon ɓarawon waya.

Dawowar da zan yi sai Baba ya yafito ni. Tun zuwansa bai taɓa kirana da kansa ba. Na durƙusa. Ya ce, murya can ƙasa, “Malam, in Allah ya yi ikonsa a nan, ku bar ni a ƙasar nan. Kada a wahalar da kowa da ɗaukar gawa.”

Na sha mutuwar ƙarya a gaban jama'a ana tafa min, ban san haka ta gasken take sallama ba, a hankali, ba ihu ba birgima. Me zan je in gaya wa matata? Dattijo ya zo da ƙafarsa, ya yi ɗawafi da ƙafarsa, ya kwana a gidana ya mutu, kuma ko sunan abin da ya kashe shi ban sani ba?

Na fito a guje zan je in ɗauko ɗan Masar ɗin nan ko da a kafaɗa ne. Sai na ji wani turare da na sani.

Dogo ne, cikin farar riga, abin awo rataye a wuya. Ashe an turo su asibitin nan shekarar koyon aiki. Ya gan ni ya washe baki ya ce da Larabci, “Ustaz! Yau kuma me ke kashe ka? Ina filon?”

Na cafke hannunsa na ce, “Ya walad, wallahil azim yau ba wasa ba ne. Dattijo ne a ciki, yana tafiya.”

Ya dubi fuskata, dariyar ta ɗauke. Ya ɗaga labule ya shiga. Sai na ga yaron nan ɗan Abhur, wanda ina jin ko takalminsa ba shi ke ɗaure wa kansa ba, ya durƙusa a gefen gado har farar rigarsa na sharar ƙasa.

“Salamu alaikum, Baba. Sannu. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya gida? Yaya awaki?”

Na ce a raina shi ke nan, na kashe kaina. Amma Baba, duk da azabar da yake ciki, ya juyo da kai a hankali ya ƙare wa Balaraben nan kallo, fari sol, yana tambayar awakinsa a tsakiyar Jidda. Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya ce, “Awaki suna lafiya, yaro.”

“Baba, ina ciwo? Nuna.”

Baba ya ɗaga hannu kamar zai nuna, sai idonsa ya faɗo kaina, ya mai da hannun kan ƙirji. Ni a lokacin ban ɗauke shi komai ba, har na buɗe baki zan sake zuba labarin mandi. Dogo ya ɗaga min tafin hannu ba tare da ya dube ni ba.

“Baba, wannan ɗanka ne?”

Baba ya ce, “Suruki ne.”

Dogo ya waiwayo ya tambaye ni da Larabci, “Kai mijin 'yarsa ne?”

Na ce, “Na'am, kuma ni ne tafinta, ni na kawo shi, ni ne...”

Ya miƙe da duk tsawonsa, ya nuna labule, ya ce da Hausa, “Kai, waje.”

Na ce, “Ni? Hausarka ko albasa ba za ta sayo maka ba, za ka kore ni? Wa zai fassara maka?”

Ya ce, “Za ta isa. Duktura ta ce in dangi na tsaye a kan gado, mu fara fitar da dangi. Halas, magana ta ƙare, ustaz, yalla.”

Na dubi Baba ina jiran ya ce a ƙyale ni. Baba ya lumshe ido abinsa. Lumshe idon nan ya fi korar zafi. Na ja ƙafa na fita.

Na auna barandar nan da ƙafa har daɓen ya fara gane takalmina. Na lallaɓa na kanga kunne a labule, wata guntuwar nas 'yar Filifin, wadda ko kafaɗata ba ta kai ba, ta kore ni kamar akuya ta shiga rumbu. Na koma can nesa, na sake dawowa. Abin da nake iya jiyowa shi ne muryar Dogo yana tsintar kalmomi ɗai-ɗai: “Sannu-sannu, Baba. Tun yaushe? Yau? Jiya?” Sai kuma muryar Baba, ƙasa-ƙasa, tana tafiya ba tsayawa. Mutumin da tun saukarsa bai haɗa min jimla uku a jere ba, ga shi yana zuba wa baƙo kamar rediyo. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Ga tsoro kuma, na ce yanzu yaron nan zai ji rabi ya ƙarasa rabi da kansa, a zo a yanke wa dattijo ƙafa.

Sai labule ya yaye, Dogo ya fito a guje, turarensa na binsa a baya. Kafin in tare shi ya dawo tare da ɗan Masar, wannan karon ba waya a kunne, nas na biye da su da tire a rufe. Aka ja labule. Shiru. Na karanta duk abin da na haddace, har addu'ar shiga kasuwa. Can sai na ji muryar Baba ta taso tun daga tafin ƙafa: “Alhamdu lillaaaahi!” Irin hamdalar da ban taɓa ji ba ko a bakin wanda ya sauke Alƙur'ani.

Dogo ya fito sharkaf da gumi. Na tare shi na ce, “Mene ne? Me ke damunsa?”

Ya ce da Hausarsa ta raƙumi, “Baba ya ce in gaya maka, da sauƙi.”

Na ce, “Zan shaƙe ka a nan, kuma muna asibiti, ba za a sha wahalar kai ka ba.”

Ya yi dariya ya koma Larabci. Ya ce sirrin mara lafiya ne, ba zai faɗa ba. Abin da zai iya gaya min kawai, da an kai magariba a haka da maganar ta zama wata. Za a riƙe shi a ƙara bincike. Sannan Baba ya ce a ba shi waya zai kira matarsa Hajiya a Zariya.

Na yi sallama na shiga. Baba na kishingiɗe, fuskarsa ta dawo, an ja masa bargo har ƙirji. A gefen gado can ƙasa ga wata jaka rataye da siririn tiyo. Na gan ta. Ya ga na gan ta. Na ɗaga kai sama na ce, “Baba, silin ɗin nan nasu kuwa ya yi kyau.”

Ya ɗaga kai shi ma ya ce, “Ƙwarai kuwa, Malam. An yi aiki a nan.”

Muka yi ta yabon silin har nas ta shigo.

Yadda na san gaskiyar magana kuwa, Baba ya gaya wa Hajiya a waya. Hajiya ta kira 'yarta. Da na koma gida ɗauko masa kaya, 'yar tata ta ja ni kicin, ta juya min baya tana magana da tukunya. Fitsari ne ya ɗaure masa tun jiya. Dama yana da 'yar matsalar nan da ke samun maza in sun manyanta, amma abin da ya tayar da ita riƙo ne. Banɗakin gidanmu ƙofarsa a falo take, daidai inda na shimfiɗa dardumata. Duk fitowar da Baba ke yi yana ɗaga labule, can ya nufa. Sai ya tarar da suruki durƙushe yana tambayar me za a kawo. Shi kuwa dattijon Zariya gara ya mutu da ya tsallake mijin 'yarsa ya shiga banɗaki, mijin 'yar na zaune yana jin ƙarar ruwa. Sai ya koma ya jira in yi barci, ni kuma barcina na kyanwa ne, da ya motsa na farka. Ga shayi, ga laban, ga zamzam. Haka ya yi ta riƙewa yana samun sa'a jefi-jefi, har mafitsara ta yi fushi ta kulle ƙofa gaba ɗaya. Ku duba fa, maganar da labule ɗaya ne tsakanina da ita, sai da ta je Zariya ta dawo kafin ta iso kunnena.

Na ce wa matata, “To ke da kika lura, me ya hana ki gaya min?”

Ta juyo da ludayi a hannu ta ce, “Ban ce ka fita ka sha iska ba? So kake in ɗauko maka kalangu?”

Da aka sallamo Baba, babu mai yawan fita a Jidda kamata. Jim kaɗan in tsaya a tsakiyar falo in gaya wa bango da ƙarfi, “To, ni zan je shago, kuma zan daɗe!” In buga ƙofa garam, in sauka in zauna a matakalar bene cikin zafin nan ina narkewa kamar man shanu. Maƙwabcina ɗan Yaman ya zaci matata ce ke korata, har ya zo yi min nasiha a kan haƙuri da iyali.

Baba bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ranar da na mai da shi asibiti a sake duba shi, ya ce a nemo masa “yaron nan mai awaki”. Ya riƙe hannun Dogo ya yi ta kwarara masa addu'a da Hausa, ta iyaye, ta zuri'a, ta gamawa da duniya lafiya, Dogo na ta jefa amin har a inda ba a gama jimla ba. Ni kuwa sai ranar da zai wuce Madina, ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya juyo ya ce, “Malam, an gode da hidima. Allah ya saka.” Ya ƙara da cewa, “Sai dai a riƙa rage shayi.” Iyakar abin da ya taɓa shiga tsakaninmu ke nan a kan lamarin, kuma ya isa.

Da ina ɗauka duk mai harshe biyu gada ne, kowa ya bi ta kansa ya haye. Ashe akwai kayan da ba sa hawa gada in gadar suruki ce, ko ɗa, ko 'ya. Hausar Dogo ba ta cika cokali ba, tawa ta cika tanki, amma tasa ce ta ceci Baba, don shi ba zai zauna da shi gobe a kan tabarmar cin abinci ba. Shi ya sa duk likitan da na ji yana fama da yaren marasa lafiyarsa, ko Sifaniyanci ne a Amurka ko Hausa a Jidda, ko yana karya shi kamar itace, na daina yi masa dariya sai a ɓoye. Ciwo ba ya son ɗan aike. Mai shi ne zai kai shi gaban likita da bakinsa, da yarensa, babu na gida tsaye a kansa. In kana ƙaunar dattijonka, ka raka shi har bakin labule, ka tsaya a nan.